Tsakanin sikeli da tunani: asalin aikatau *pensar* na Sifaniyanci

Ɗalibar Sifaniyanci:
Assalamu alaikum, iyayena da yayyena. Watana bakwai ke nan da fara koyon Sifaniyanci, kuma a makon jiya mahaifiyar malaminmu ta rasu, sai wata da ta riga mu nisa a karatun ta ce mu rubuta masa *mi más sentido pésame*, wato gaisuwar ta'aziyya. Da na buɗe ƙamus domin in san abin da zan sa wa hannu, sai na tarar an jingina *pésame* ga aikatau *pesar*, wanda na sani da ma'anar auna nauyin abu, kamar yadda ake ɗora buhu a kan sikeli. A ƙarshen bayanin kuma aka ce a duba *pensar*, wato yin tunani. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne yadda awo da tunani da ta'aziyya za su kwana a ɗaki ɗaya. Shin kalmomin nan 'yan gida ɗaya ne a harshen Latin, ko kuwa kamannin haruffa ne kawai ya sa mai ƙamus ya haɗa su?

Injiniya:
Wa alaikumus salam, ƙanwata. Shawarata ita ce ki yi taka-tsantsan, domin kama da wane ba wane ba ne. A Sifaniyancin da kike koyo akwai *mucho*, a Turanci akwai *much*, dukansu suna nufin yawa, kuma duk wanda ya gan su zai rantse cewa uwa ɗaya ta haife su, alhali *mucho* daga *multus* na Latin ya fito, shi kuwa na Turancin tsohuwar kalma ce ta dangin harsunan su Jamusanci, da ba ta da alaƙa da shi. Mun sha jin masu ɗauko kalmar Hausa su liƙa ta ga wani harshe mai nisa saboda sauti ya yi kama, ba tare da wata hujja ba. Ni dai har sai an nuna mini hanyar da aka bi daga sikeli aka isa ƙwaƙwalwa, zan ɗauki *pesar* da *pensar* a matsayin maƙwabta a shafin ƙamus, ba dangi ba.

Malamin Nahawu:
Injiniya, ƙa'idar da ka kafa daidai ce, kuma da ita nake fara gargaɗin ɗalibai tun ina aji. Sai dai a wannan karon hanyar da kake nema tana nan a rubuce, sawu bayan sawu.

A Latin akwai aikatau biyu masu kusan siffa ɗaya. Na farko shi ne *pendēre*, mai dogon wasali a tsakiya, ma'anarsa abu ya kasance a rataye yana reto. Na biyu shi ne *pendere*, mai gajeren wasali, ma'anarsa a rataya abu a ma'auni domin a san nauyinsa. Wanda ya taɓa ganin tsohon ma'auni mai faranti biyu da ake riƙewa ta sama ya san dalilin da ya sa ratayewa da aunawa suka zama abu guda. Daga na farkon Sifaniyanci ya sami *pender* da *depender* da *péndulo*, da kuma *pendiente*, wanda ke nufin ɗan kunne, da gangare, da aikin da ba a gama ba, domin dukansu a rataye suke.

Na biyun ne ya shafi tambayar 'yata. Kafin Rumawa su fara buga tsabar kuɗi, da guntayen tagulla suke ciniki, kuma ba a ƙirga su, auna su ake yi. Saboda haka *pendere* ya ɗauki ma'anar biya. Al'adar ta yi ƙarfi har ta zauna a shari'arsu ɗaruruwan shekaru bayan an daina buƙatarta. Masanin shari'ar nan Gaius, wanda ya rayu a ƙarni na 2 na Miladiyya, ya bayyana yadda ake mallakar da gona ko bawa ko doki: a kawo shaidu 5 baligai, a kawo mutum na shida mai riƙe da sikeli, wanda ake kira *libripens*, sai mai saye ya bugi sikelin da guntun tagulla ya miƙa wa mai sayarwa. Albashin soja ma *stipendium* ne, wato kuɗin da aka auna, kuma shi ne *estipendio* na yau.

To, abin da aka riga aka auna sunansa *pensum*. A kan wannan siffar Rumawa suka gina sabon aikatau, *pensare*, mai nuna maimaici da naci, kusan yadda mu muke cewa juya sannan mu ce jujjuya, ko duba mu ce dudduba. Haka suka yi da *canere* suka sami *cantare*, wanda ya zama *cantar*, rera waƙa. Saboda haka *pensare* shi ne a auna a sake aunawa, a ɗora wannan a ɗora wancan a ga wanda ya rinjaya, kuma tun a Latin ɗin kansa marubuta suna amfani da shi wajen auna magana da auna aikin mutum. Bahaushen da ke cewa wane ba ya auna magana kafin ya furta ta bai kamata ya yi mamakin wannan tafiyar ba. Daga *pensare* ɗin nan guda ɗaya *pesar* da *pensar* suka fito.

Injiniya:
Allah ya gafarta Malam, na karɓi tafiyar ma'ana, amma ba a gama da ni ba. Idan uwa ɗaya ce, ina baƙin *n* ya tafi a *pesar*, kuma me ya hana shi tafiya a *pensar*? Harshe ɗaya ne, bakin mutane ɗaya ne, bai kamata doka ta kama wani ta saki wani ba.

Malamin Nahawu:
Wannan ita ce tambayar da ta fi ta farko nauyi. Faɗuwar *n* a gaban *s* tsohuwar ɗabi'a ce a bakin Rumawa, har ma taƙaitaccen rubutun muƙamin *consul* a jikin duwatsu *cos.* ne, babu *n*. Akwai wani tsohon jerin gyare-gyare guda 227 da ake kira Appendix Probi, inda wani malami ya riƙa rubuta daidai a gefe ɗaya, kuskuren da jama'a ke yi a ɗaya gefen, kuma a cikinsa ya ce a faɗi *mensa*, kada a faɗi *mesa*. Jama'a ba su saurare shi ba, domin har gobe tebur a Sifaniyanci *mesa* ne. Haka *mensis* ya zama *mes*, wata. *Sponsus* ya zama *esposo*, miji. *Insula* ta zama *isla*, tsibiri. *Sensus* ya zama *seso*, ƙwaƙwalwa. Ɗafa-ƙeyar *-ensis* kuma ta zama *-és* da ke cikin *francés* da *cordobés*. Ka ga ba kamannin kalma ɗaya muka dogara da shi ba, doka ce da ta bi ta kan kalmomi masu yawa ta yi musu aski iri ɗaya, kuma wannan shi ne bambancin hujja da zato.

Saboda haka *pesar* da *peso* su ne 'ya'yan da suka tashi a kasuwa, daga bakin uwa zuwa bakin ɗa, tun lokacin da rundunar Rum ta sauka a Ampurias, a gaɓar tekun Sifaniya, a shekara ta 218 kafin Miladiyya. Wanda ke buƙatar a yi masa bayani shi ne *pensar*. Shi ya riƙe *n* ɗinsa ne saboda ma'anar tunani da nazari ta fi yawo a bakin masu karatu, limaman coci da alƙalai da marubuta, waɗanda ke ganin kalmar a rubuce kullum suna furta ta harafi bayan harafi. Daga wurinsu ta sake gangarowa cikin jama'a, ta tarar da 'yar'uwarta ta riga ta kama ma'anar sikeli, sai kowace ta tsaya a kan aikinta.

Ɗan Damagaram:
Gaisuwa ga Malam da sauran jama'a. Mu da muka yi boko da Faransanci muna da shaidar da za ta ƙarfafa wannan bayani, domin rabuwar nan ba a Sifaniya kaɗai ta faru ba. Muna da *peser*, aunawa, da *penser*, tunani, daidai da yadda Italiyanci ke da *pesare* da *pensare*. Dokar faɗuwar *n* ma tana nan a *mois* da *époux* da *île*, wato wata da miji da tsibiri. Abin dariya shi ne kalmar nauyi, *poids*, wadda ta wahalar da mu a jarrabawar shifta saboda *d* ɗin da ba a furtawa. A da *pois* ake rubutawa, daga *pensum*, sai wasu masana na baya suka zaci daga *pondus* ta fito, suka cusa mata *d* domin ta yi kama da uban da ba nata ba. Injiniya zai ji daɗin wannan misalin, domin ya nuna masana ma kamanni yana ruɗarsu.

Ɗalibar Sifaniyanci:
Na gode ƙwarai, Baba Malam. Amma bayanin ya tayar mini da wata matsalar da ke ci mini tuwo a ƙwarya tun a darasin sarrafa aikatau. Muna cewa *yo pienso*, ina tunani, da tagwan wasali, amma muna cewa *yo peso* ba tare da shi ba, kuma *compensar* da *dispensar*, waɗanda ke ɗauke da *pensar* ɗin sukutum a cikinsu, suna ba da *compenso* da *dispenso*. Sannan na ga hoton buhun abincin dabbobi an rubuta *pienso* a jikinsa, har na zaci sunan kamfani ne.

Malamin Nahawu:
'Yata, kin sa yatsa a kan wurin da ya fi kowane daɗi a wannan zance. Doka a Sifaniyanci ita ce, gajeren *e* na Latin, idan ya faɗo a gaɓar da ake ƙarfafawa, yakan tsage ya zama *ie*: *terra* ta zama *tierra*, *petra* ta zama *piedra*, *ventus* ya zama *viento*. Dogon *e* kuwa yakan zauna yadda yake. Wasalin da ke gaban *ns* a Latin dogo ne kullum, shi ya sa *peso* da *mesa* da *mes* ba su tsage ba. Bisa wannan lissafi *pienso* bai kamata ya wanzu ba, amma ga shi, kuma ba sabon abu ba ne, domin a tsohuwar waƙar jarumi El Cid, wadda aka tsara wajen shekarar 1200, an riga ana cewa *piensan*.

Abin da wannan ke nunawa shi ne kalmar ta dawo daga bakin masu karatu da wuri ƙwarai, tun tsagewar wasali tana da rai, sai jama'a suka jera ta da irin su *siento* da *tiento* da *miento*, suka sarrafa ta kamar tasu. Su kuwa *compensar* da *dispensar* da *recompensar* an ɗauko su daga littafi bayan an rufe wannan ƙofa, shi ya sa suka zauna kamar yadda aka rubuta su. Ashe hawa uku ne a gida ɗaya: *pesar* ɗan gado ne tsantsa, *compensar* baƙon littafi ne, *pensar* kuma yana tsakani, *n* ɗinsa na malamai, wasalinsa na talakawa. Joan Corominas, wanda ya fitar da babban ƙamusun asalin kalmomin harshen tsakanin 1954 da 1957, a wannan matsayi na tsakiya ya ajiye shi.

Injiniya:
Malam, a nan ne nake jin ƙanshin dabara. Idan kalma ta bi doka, a ce doka ce. Idan ta saɓa, a ce ta kwaikwayi maƙwabta. Da irin wannan mabuɗin babu ƙofar da ba za a buɗe ba.

Ɗan Damagaram:
Injiniya, da a Sifaniyanci kaɗai abin ya faru, da na goyi bayanka. Amma Italiyanci yana bambanta buɗaɗɗen *e* da rufaffe a furuci, kuma a daidaitaccen furucinsu *peso* da rufaffe ake faɗarsa, *penso* kuma da buɗaɗɗe. Buɗaɗɗen nan shi ne ainihin wasalin da ke tsagewa ya zama *ie* a Sifaniya, kuma da shi masu karatu suka saba furta *e* na kalmomin da suka ɗauko daga Latin na littafi. Harsuna biyu da tsaunuka da teku suka raba sun nuna bambanci ɗaya a wuri ɗaya, ka ga ba bayan an ga matsala aka ƙirƙiro mafita ba.

Game da buhun da ƙanwarmu ta gani kuwa, muna da tagwaninsa. A Faransanci *panser* shi ne ɗaure rauni, shi ne kuma goge doki da gyara shi, kuma asalinsa *penser* ne, domin a tsohon harshe wanda ya yi tunanin doki shi ne wanda ya kula da shi. Daga baya aka raba rubutun. A Sifaniyanci ma *pensar* ya taɓa nufin zuba wa dabba abinci, *pienso* kuma shi ne dusa da harawar da ake zuba mata, rabon da aka auna mata na yini.

Injiniya:
Shaidar Italiya ta shige ni, na janye rabin maganata. Ragowar rabin ina riƙe da shi saboda gaba.

Alhajin Malabo:
Ni ba ɗan boko ba ne sosai, a kasuwar Malabo na tsinci Sifaniyancina shekarun da na yi ina fatauci a Ikwatoriyal Gini, amma zancen kuɗi ya taɓo ni. A can idan kaya ya yi nauyi *pesado* ne, mutum mai takura wa jama'a ma *pesado* ne, kamar yadda mu ma mukan ce wane ya cika nauyin jiki ko ya zame wa mutane kaya. Tambayata ga Malam ita ce, *peso* da ake kashewa a Meziko da Ajantina da Kolombiya da Filifin, da *peseta* da dattawan can ke ba da labari, duk wannan sikelin ne? Kuma na taɓa jin an ce fam ɗinmu na da ma daga *peso* aka samo shi.

Malamin Nahawu:
Alhaji, *peso* kam babu tantama, nauyi ne aka mayar sunan kuɗi. Shi ne tsabar azurfa mai darajar riyal 8, mai nauyin kusan giram 27, wadda Sifaniyawa suka riƙa bugawa da azurfar Potosí, dutsen da ke Bolibiya ta yau wanda aka gano arzikinsa a 1545, da ta Zacatecas a Meziko. Da yawa daga cikin ƙasashen da suka fita daga hannun Sifaniya sun riƙe sunan. *Peseta* kuwa, wadda ta zama kuɗin Sifaniya a 1868 har yuro ya kore ta daga hannun mutane a 2002, masana sun rabu a kanta: wasu sun ce ƙaramin *peso* ce, wasu sun ce daga *peceta* na harshen Kataloniya take, wato ɗan guntu, kuma wannan wani gida ne dabam. Injiniya yana iya ajiye ragowar shakkarsa a nan.

Fam bai fito daga *peso* ba, amma ɗan baffansa ne. Saiwar *pend-* tana da wata siffa mai wasalin *o*, kamar yadda *tegere*, rufewa, ya ba da *toga*, mayafin Rumawa. Daga nan aka sami *pondus*, nauyi, wanda ya ba Sifaniyanci *ponderar*. Rumawa kan ce *libra pondo*, wato libra ɗaya a awo, domin libra ma'aunin nauyi ce a wurinsu. Kakannin Turawan Ingila suka ɗauki rabin ƙarshe suka yi *pound*, Sifaniyawa suka riƙe rabin farko suna cewa *libra*, alamar kuɗin Ingila kuma har yau harafin *L* ce. Mu kuma muka karɓi *pound* muka ce fam, muka ci gaba da kiran naira 2 da sunan fam ɗaya shekaru da yawa bayan canjin kuɗi na 1 ga Janairun 1973. Ni da nake wannan rubutu ma a kan saiwar nake rayuwa, domin fansho daga *pensio* ya samo asali, wato biya, ko da yake a wajenmu ma'anar ratayewa ta fi yawan rinjayar ma'anar biya.

Hajiya Shugabar Makaranta:
Malam ya ba ni dariya, Allah ya sa a sauko mana da shi daga inda aka rataye shi. Ina so in koma kan *pensum*, domin an wuce shi da sauri alhali aikin mata ne. A gidajen Rumawa uwargida takan auna wa kowace baiwa gashin tumakin da za ta kaɗa a yini, kuma wannan rabon shi ne *pensum*. Duk wadda ta tashi ta ga kakarta da mazari da alli da tarin auduga ta san cewa awon safe shi ne hukuncin yamma. Daga nan kalmar ta koma nufin aikin da aka ɗora wa mutum, kuma har yanzu a jami'o'in Kolombiya da Benezuwela manhajar karatu *pénsum* ake ce mata. Na yi shekaru ina raba wa malamai manhaja ban san ulu nake auna musu ba.

Sannan 'yata ta dubi *pesadilla*, mugun mafarki. Nauyi ne a cikinta, abin da ke hawa ƙirjin mai barci ya hana shi motsi, kuma mu ma ba mu kira shi da sunan tsoro ko duhu ba, dannau muka ce. Ta'aziyyar da kika rubuta ma jimla ce cikakkiya da ta dunƙule: *pesa* da *me*, wato ya yi mini nauyi, da wakilin suna a baya bisa tsohon tsari. Kishiyarta ita ce *pláceme*, ya yi mini daɗi, wadda ake faɗa wajen taya murna. Haka kuma *a pesar de*, da ake fassarawa da "duk da", asalinsa yin abu ko da zai yi wa wani nauyi a rai.

Ɗalibar Sifaniyanci:
Mama Hajiya, yanzu na san abin da na sa wa hannu. Saura tambaya ɗaya, Baba Malam. Idan *pensare* awo ne a asali, da wace kalma Rumawa suke tunani kafin ya karɓi aikin, kuma ina ta shiga?

Malamin Nahawu:
Babbar kalmarsu ita ce *cogitare*. Ita ce masanin falsafar nan ɗan Faransa René Descartes ya yi amfani da ita a 1644 lokacin da ya mayar da shahararriyar maganarsa ta 1637 daga Faransanci zuwa Latin, maganar da Sifaniyawa ke faɗa da *pienso, luego existo*, wato ina tunani, saboda haka ina wanzuwa. Kalmar ba ta mutu ba. Ta bi bakin jama'a ta sauya kama har ta zama *cuidar*, kuma a rubuce-rubucen Sifaniya na tsakiyar zamani *cuidar* tunani yake nufi, ko zato. Da *pensar* ya yi ƙarfi sai ya ture shi daga wannan kujera, shi kuma *cuidar* ya koma kula da yaro da majiyyaci da dabba, wato ainihin aikin da *pensar* ya taɓa yi a barga ya bari. Sun yi musayar gida ke nan, kowane ya bar ɗan kayansa a tsohon ɗakinsa: *pensar* ya bar *pienso* a buhun dusa, *cuidar* kuma ya bar *cuidado*, wanda Alhaji zai shaida cewa shi ake ƙwala wa mutum idan mota ta taho, a ce masa ya yi hankali.

Alhajin Malabo:
Na shaida, Malam. Ita ce kalmar farko da na koya a tashar jirgin ruwa, ranar da igiyar da aka rataye buhunan shinkafa da ita ta tsinke a saman kaina.